Bindiga na nan, harsashi ya yi layar zana

Kawu Mai Barewa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da kuka, kuma na san na gida za su yi mini dariya, amma ku bari in amayar. Shekarata goma sha tara a jihar Pennsylvania, sha ɗaya daga ciki duk ƙarshen Nuwamba ina fita farautar barewa da lasisina. Bindigata Marlin 336 ce mai cin harsashin .35 Remington. Na saye ta wajen wani dattijo da muka yi aiki tare, da ciwon gwiwa ya hana shi hawan tudu. A irin dajinmu mai duhuwa, inda da wuya ka hangi abin da ya wuce taku ɗari, ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Saura mako uku a buɗe farauta. Na zaga shaguna shida. .308 ga shi nan jibge, 6.5 Creedmoor kala-kala kamar atamfar sallah, amma .35 ko kwali ɗaya. Harsashi goma sha huɗu suka rage mini. A shago na ƙarshe yaron da ke kan kanta ya dube ni ya ce, Baba me zai hana ka sayi sabuwar bindiga ka huta? Wato in jefar da jaki lafiyayye don an daina saƙa mangalarsa. An ce ƙarancin korona ya wuce. To ni me ya sa nawa bai dawo ba?

Sarkin Tsokana:
Wa alaikumus salam Kawu. Ikon Allah, mu nan harsashi ya yi mana yawa har ya hana mu noma, ku can kuna kukan babu. Da ana musanya da mun aiko muku da na dajin Zamfara gaba ɗaya, kyauta, har da kuɗin jirgi.

Mai Kula da Zaure:
Allah ya kawo mana sauƙin wannan masifa, amin. Tun da wuri in tuna wa kowa: a nan ba a saye, ba a sayarwa, ba a haɗa wani da wani, ba a koyar da haɗa komai. Hira ce ta kasuwa da tarihi. Wanda ya kauce zan goge ba tare da sallama ba. Kawu, ci gaba da bayani.

Ɗan Houston:
Kawu, da girman kujerarka, yaron nan gaskiya ya faɗa maka. Harsashin da ya haura shekara ɗari ka riƙe. Duniya ta yi gaba. Ni 6.5 Creedmoor nake harbawa a filin gwaji, ina bugun farantin ƙarfe daga yadi ɗari takwas, kafaɗata ko gezau. Naka in ya wuce yadi ɗari biyu faɗuwa yake kamar an jefa dutse. Kasuwa ba ta ƙi shi don ƙiyayya ba, an samu wanda ya fi shi ne.

Kawu Mai Barewa:
Ɗana, farantin ƙarfe ake miya da shi? Ni barewa nake nema, kuma ba ta tsaya mini a yadi ɗari takwas. Cikin shekara sha ɗaya mafi nisan da na taɓa harbi bai kai yadi tamanin ba.

Inna Injiniya:
Yaya, sannu da fama. Ku biyun nan kuna jayayya kan wane ya fi kyau, alhali amsar tambayarka tana cikin masana'anta ne. Bari in ɗan ja zance, don aikina sayen kayan sarrafawa ne a wani kamfanin sinadarai a Minnesota, ba na makamai ba, amma ciwon iri ɗaya ne.

Harsashi abu huɗu ne: kwanso na tagulla, albarushi, kan da ke fita wanda galibi dalma ce a cikin rigar jan ƙarfe, sai ɗan maɓallin da ke gindin kwanso, wanda allurar bindiga ke doka ya ba da tartsatsi. Shi ne firaima, ko ka ce ƙyastun harsashi. Ɗaya ya rasu, sauran ukun kayan ado ne.

A 2020 hukumar FBI ta yi binciken masu neman makami kusan miliyan 40, ba a taɓa ganin irinsa ba. Ƙungiyar masu sana'ar, NSSF, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 8.4 ne suka sayi bindiga a karon farko a shekarar. Yi lissafi da kanka. Kowa ya ɗauki kwali biyu mai hamsin-hamsin kawai, harsashi miliyan 840 ke nan da babu wanda ya shirya musu. A daidai lokacin kuma kamfanin Remington ya durƙushe, aka yi gwanjonsa, masana'antarsa ta harsashi da ke Lonoke a Arkansas ta yi sanyi har sai da Vista Outdoor ya saye ta ya tayar da ita. Manyan masu yin firaima a Amurka a lokacin huɗu ne: Federal, CCI, Remington, Winchester. Bayan wancan gwanjon uku daga ciki suka koma ƙarƙashin uba ɗaya.

Yanzu ka sa kanka a matsayin manaja. Injinka na fitar da 9mm ko .223 dare da rana, kafin ya huce an saye. Za ka tsayar da shi, a kwance kayan aiki, a ɗaura na .35 Remington, a gwada, a buga ɗan abin da za a buga, a sake kwancewa? Irin naka dama sau ɗaya ake buga shi a shekara, wani lokaci ma a tsallake shekara. Da wuta ta kama, shi aka fara ajiyewa, kuma shi ne na ƙarshen dawowa.

Alhajin Kwari:
Hajiya, wallahi kamar kina zaune a shagona. Mu ma haka yake a atamfa. Tsohuwa za ta zo ta ce zanen nan da aka yi mata lefe da shi take so. Zane mai kyau, ya fi na yanzu aminci. Amma kamfani ba zai kunna inji don turmi ashirin ba. Ni kuma ba zan ajiye kuɗina a kan abin da sai mutum ɗaya ya tambaya a wata shida ba. Da na daina ajiyewa, masu tambaya su ma su gaji su daina, sai in ce ai ba a nema. Kowa na jiran kowa, zane ya mutu a tsakani.

Kawu Mai Barewa:
Alhaji, ashe ni ne tsohuwar ke nan.

Alhajin Kwari:
Ni dai ban faɗa ba, ranka ya daɗe.

Ɗan Damagaram:
Ina da tambaya, ku yi haƙuri da jahilcina. Na ji an ce a can mutum na iya sayen kayan ya ɗura nasa a gida bisa doka. Me ya hana Kawu yin haka? Maharbanmu na gargajiya ai ba su taɓa zuwa kanti neman harsashin adaka ba.

Kawu Mai Barewa:
Malam, haka ne, doka ta yarda, kuma maƙwabcina tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa sana'ar hutunsa ke nan. Ina tara masa kwansona, ya ɗura mini. Shi ma ya ɗaga hannu. Ya ce kafin 2020 firaima dubu bai wuce dala talatin da 'yan kai ba, da abin ya yi tsanani ya gan shi a sama da dala ɗari, kuma ganin ma sai mai rabo. Yanzu ana samu, amma bai koma tsohon kuɗinsa ba. Na manyan bindigogi shi ya fi daɗewa a ɓoye.

Ga wata kuma. Mai .243 ko 7mm-08 ɗan gidan .308 ne, mai .270 ɗan gidan .30-06 ne, kwansonsu uwa ɗaya uba ɗaya, ba a rasa su a ƙasa. Nawa maraya ne. Faɗin gindinsa bai dace da na kowa ba. Wanda ya tsage ya tafi ke nan.

Inna Injiniya:
Dalilin firaima a fili yake, Yaya. Masu yin sa su ne masu yin cikakken harsashi. Firaima ɗaya in sun sayar wa maƙwabcinka 'yan sulalla za su samu, in sun sa shi a harsashi sun sayar da tagulla da dalma da albarushi gaba ɗaya. Kowa a gida yake fara ciyarwa. Kuma ba abu ba ne da za ka ce a ninka gobe. Sinadari ne mai saurin fushi, a jiƙe ake aikinsa, da hannun mutanen da aka daɗe ana horarwa, a ɗakunan da aka nisanta da juna. Ba a ɗauko ɗan kwana uku a sa shi a wurin.

Sannan masu kuɗin sun sha wuya a baya. An yi rububi bayan zaɓen 2008, an yi wanda ya fi shi bayan kisan makarantar Sandy Hook a Disamban 2012, har ɗan ƙaramin .22 ya yi shekaru yana wuyar gani. Da Trump ya ci zaɓe a 2016 tsoron a hana saye ya kau, kasuwa ta faɗi warwas, aka sallami ma'aikata. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi ya sa a 2020 suka gwammace ƙara awannin aiki da su gina sabon gida.

Sarkin Tsokana:
Ni fa ban yarda ba. Duk inda ka ji babu, je ka duba sito. Mun ga layin mai a ƙasar nan, gidan mai a rufe, 'yan bumburutu a bakin ƙofarsa da jarkoki cike. Bature ma ɗan Adam ne.

Ɗan Zango a Columbus:
Bumburutun kam an yi shi, na gani da idona. Akwai masu sanin ranar da mota ke sauke kaya, su yi sammako su kwashe, da yamma ka gan shi a intanet kuɗi ninki uku. Har shaguna suka koma kwali biyu ko uku kowane mutum. Amma babban siton ba na kamfani ba ne, ƙarƙashin gadon mutane ne. Wanda a da kwali ɗaya ke kai shi shekara, da ya ga kanta wayam sau ɗaya, duk ranar da ya samu sai ya ɗauki biyar.

Kawu Mai Barewa:
Wannan ɗabi'ar ce ba na so. Ka ɗauki abin da zai ishe ka, ka bar wa ɗan'uwanka. Da kowa ya yi haka da ban zo nan ina kuka ba.

Tsohon Soja:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa daga Kaduna, bari tsoho ya sa baki. Ku dubi waɗanda ba a rasa su a kanta ko da an shiga tsanani, ko kuma su ne farkon dawowa. .30-06 na sojan Amurka ne tun 1906, shi ne ma ma'anar sifili da shida ɗin. .308 ya fito kasuwa a 1952, tagwayen 7.62 na NATO ne, wanda muka ɗauka a bindigogin FN da G3. .223 ɗan'uwan 5.56 ne. Harsashin da gwamnati ke saye da miliyoyi, injinsa ba ya tsatsa. Masana'antar Lake City da ke Missouri ta soja ce, Winchester ke tafiyar da ita tun 2020, abin da ya yi rara yana gangarowa kasuwa. Mu ma nan masana'antar makamai ta DICON da aka kafa a 1964 abin da soja ke ci take bugawa. In kana son bindigar da jikanka zai samu abin sa mata, bi sawun soja.

Ɗan Houston:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, amma ina .303? Daular Ingila gaba ɗaya ta tsaya masa, daga Indiya har barikin 'yan sandan Kano. Yau sai ka yi da gaske kake samunsa. Dakarun sa-kai na arewacin Kanada, waɗanda suka riƙe bindigar Lee-Enfield mai cin .303 fiye da kowa, sun ajiye ta sun koma .308 saboda kayan gyara sun ƙare. Kuma sojan Amurka da kansa a 2022 ya zaɓi sabuwar bindigar SIG Sauer mai cin 6.8x51. Sawun soja ma juyawa yake.

Tsohon Soja:
Ka yi gaskiya ɗana, Lee-Enfield ɗin da muke kira Mak Fo ta yi zamaninta, na riƙe ta ina kurtu. Amma duba shekara nawa ta ɗauka kafin ta kwanta. Soja ya saki abu, sai ya yi shekara hamsin yana yawo a hannun farar hula. Waɗannan naku na talla fa? Faɗa wa zaure labarin WSSM.

Ɗan Houston:
Kai Baba, ashe kana bibiya. To, gaskiya ne. Farkon shekarun 2000 aka yi yayin gajerun harsasai masu ƙiba. .300 WSM ya fito a 2001 ya rayu. Ƙannensa WSSM suka biyo, aka yi ta kiɗa a mujallu, cikin 'yan shekaru aka daina ƙera bindigoginsu. Wanda ya saya yana nan da ita kamar Kawu, har gara Kawu. .224 Valkyrie ma an yi masa guɗa a 2017, yanzu shiru.

Amma Creedmoor daban ne, ku bar ni in kare shi. Kamfanin Hornady ya fito da shi a 2007, kuma ya yi shekaru ba wanda ya kula shi sai 'yan gasa. Abin da ya ɗaga shi, an samu na'urar auna nisa mai arha, da madubin bindiga mai kyau, da manhajar lissafi a waya, mutane suka fara son harbin nesa. Harbin nesa na son kai dogo siriri da iska ba ta kaɗa shi sosai. Dogon kai kuma sai bututun da zanen cikinsa ke murɗa shi da sauri, zagaye ɗaya a inci takwas. Tsohuwar .270 zagaye ɗaya ce a inci goma, ba ta riƙe dogayen sosai. Aka zana Creedmoor tun farko da wannan lissafin, aka sa harsashi mai kyau a kanta da kuɗin da talaka zai iya, Ruger ya fito da bindigar gasa mai sauƙin kuɗi a 2015. Ba surkulle a ciki.

Inna Injiniya:
Ƙanena, ka ba da hujjata da bakinka. .260 Remington ya riga shi da shekara goma, 1997, kuma a takarda kusan abu ɗaya suke yi. Mutanen Sweden da Norway suna kayar da dabbar da ta fi saniya tsayi da 6.5x55 tun ƙarshen ƙarni na 19. Me ya sa ɗaya ya cika kanta, biyun suka koma lungu? Wanda aka tsaya masa da kaya shi ya ci. Da ƙaranci ya zo, ya tarar da Creedmoor ya riga ya shiga sahun waɗanda ba a kashe wa inji. Duk wanda ya shiga shago a 2021 zai sayi bindigar farauta, kanta ya fara kallo, ya ga me ake samu, sannan ya zaɓi bindiga. A da bindiga ake zaɓa a nemo mata abinci.

Ɗan Zango a Columbus:
Ku ƙara da doka, don mu a Ohio ita ta zaɓa mana. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, gidaje kusa da gonaki, shekara da shekaru ba a yarda a harbi barewa da raifil ba. A 2014 aka ce an yarda, amma sai mai kwanso miƙaƙƙe, wanda ba shi da wuya irin na kwalba, don ba ya tafiya da nisa. Kudancin Michigan da Iowa ma sun yi irin wannan dokar a wancan lokacin. Nan da nan .450 Bushmaster ya samu kasuwa, sai Winchester ya fito da .350 Legend a 2019 don mu kawai. Yau ko ƙaramin shagon ƙauye ka shiga yana nan.

Abin dariyar, Kawu, .350 Legend aikin da naka ke yi shi yake yi, kusan faɗi ɗaya, nisa ɗaya. Remington ma ya fito da .360 Buckhammer a 2023, wanda kusan naka ne aka miƙe masa wuya. Amma naka yana da 'yar kafaɗa, don haka in ka tsallako Ohio ka harbi barewa da shi ka karya doka.

Kawu Mai Barewa:
To ka ji. Ɗan Houston ya ce an samu wanda ya fi shi, ashe shi ɗin ne aka canza wa riga aka sake sayar mana. In aikin bai tsufa ba, me ya tsufa?

Alhajin Kwari:
Ribar ce ta tsufa. Kai ka sayi bindiga ɗaya hannu na biyu, shekara sha ɗaya kana cin nama, kwali ɗaya a shekara biyu. Wane ɗan kasuwa ne zai yi maka addu'a? Sabon suna shi ke sayar da sabuwar bindiga, da sabon madubi, da sabuwar jaka.

Malama Mai Tambaya:
Ku gafarce ni zan ɗan kauce. Kawu, naman da aka harba da bindiga ya halatta kuwa? Kullum abin na raina.

Kawu Mai Barewa:
'Yata, abin da malamanmu suka karantar da mu, ka yi bisimilla lokacin harbi, in ka tarar da ita da sauran rai ka yanka. Wuƙata na ɗamara kullum. Ƙarin bayani sai malamai.

Mai Kula da Zaure:
A kai wannan zauren fiƙihu, akwai masu shi a can. A dawo kan harsashi.

Ɗan Damagaram:
Hajiya Injiniya, korona ta wuce shekaru. Kin bayyana yadda aka shiga, ba ki faɗi abin da ya hana a fita ba.

Inna Injiniya:
Malam, kafin a miƙe daga wannan sai wani ya danne. A Agustan 2021 gwamnatin Biden ta daina ba da sabon izinin shigo da harsashin Rasha, cikin takunkumin da ya biyo bayan sa wa ɗan adawar Rasha Navalny guba. Harsashin Rasha mai kwanson ƙarfe shi ne na talaka, shi ake ɓarnatarwa a filin gwaji. Da ya janye, masu harba shi suka dawo kan na gida.

Sai yaƙin Ukraine a 2022. Albarushin zamani, wanda ba ya hayaƙi, tushensa wani sinadari ne da ake samu daga gashin da ke manne da irin auduga ko daga itacen da aka niƙa aka tace, kuma China ce babbar mai fitar da na audugar. Shi ɗin dai ake tura harsashin igwa mai milimita 155 da shi. Harsashin .308 albarushinsa bai wuce giram uku ba, na igwa guda ɗaya kilo da dama yake lashewa, kuma dubbai ake harbawa a yini. Gwamnatoci suka zo da kwangilar shekaru da kuɗi a hannu. Wa zai saurari mai gwangwani ɗaya? A 2024 kamfanin albarushi Alliant ya dakatar da aika albarushin gwangwani ga masu ɗurawa a gida saboda wannan. A ƙarshen shekarar kuma China ta hana fitar da antimoni zuwa Amurka, ƙarfen da ake taurara dalma da shi.

Wani abin da mutane ba su lura ba, da yawa daga cikin albarushin da ke kanta a Amurka ba a nan ake yin sa ba. Sanannun nau'o'in kamfanin Hodgdon da yawa daga Ostireliya suke zuwa, Vihtavuori daga Finland. Ko su Federal da CCI da harsashin Remington ɗin, tun ƙarshen 2024 mallakar wani kamfanin ƙasar Czech ne, CSG.

Kai har baƙin albarushi irin na adaka da ka ambata bai tsira ba. Masana'antar Goex a Louisiana ita kaɗai ke yin sa a Amurka, aka yi gobara a 2021 aka rufe ta, sai da wasu suka saya suka farfaɗo da ita.

Tsohon Soja:
Wannan ya tuna mini da manyan bindigogin farautar giwa da ɓauna na zamanin Turawa. Kamfanin Kynoch na Ingila ya daina buga harsasansu, bindigogi masu tsadar gida suka zama sanduna. .416 Rigby ya kusa shiga kabari, sai a ƙarshen shekarun 1980 Federal ya dawo da harsashin, Ruger ya ƙera bindiga, ya tashi. .375 H&H na 1912 kuwa bai taɓa kwanciya ba, don ƙasashen Afirka da dama sun sa shi a matsayin mafi ƙanƙantar abin da za a fuskanci dabba mai haɗari da shi. Saboda haka Malam Mai Barewa kada ka sayar. Shafa mata mai ka ajiye. Abin da ya mutu don an daina bugawa yana iya tashi ranar da wani ya ga riba.

Ɗan Houston:
Ko kuma ya sayi .308 ya huta, ya rataye Marlin a falo. Kun ga ban ce Creedmoor ba, na yi ladabi. Ni kaina in faɗi gaskiya, abokaina sun fara yi mini kallon tsoho. Wannan ya koma 6.5 PRC, wancan 7mm PRC da ya fito a 2022, wani na zancen 7mm Backcountry mai kwanson ƙarfe da Federal ya kawo a farkon 2025. Na ce ba inda za ni sai na ga wanda zai kai shekara goma.

Sarkin Tsokana:
Allahu Akbar. Ɗan Houston ya zama Kawu tun bai yi furfura ba.

Kawu Mai Barewa:
Na gode muku duka. Ga lissafina: uku na gwada saiti, ɗaya ko biyu na barewa. Sha huɗu za su kai ni shekara uku in Allah ya ba da rai. Ba zan sayi sabuwa bana ba. Wanda ke kusa ya zo a Disamba, akwai kilishi.

Kawu Mai Barewa:
'Yan zaure, na dawo da labari bayan kwana tara. Yau na kai kaya wani ƙauye wajen tsaunuka, na tsaya shan mai, sai ga ɗan shagon kayan farauta a gefe. Na shiga ba da wani fata ba. Can saman kanta, bayan kwalayen Creedmoor, kwali biyu na .35 Remington har da ƙura. Kuɗin ya kusa ninka abin da na saba biya. Na ɗauki ɗaya, na bar ɗaya saboda wani bawan Allah irina.

Alhajin Kwari:
Ka bar me? Ranka ya daɗe, in ka bari ɗan bumburutu ne zai ɗauka, gobe ka gan shi a intanet ka saya ninki uku.

Inna Injiniya:
Yaya, ba a san ranar da za a sake kunna masa inji ba fa.

Ɗan Zango a Columbus:
Ku ƙyale shi, shi ne ya ce a ɗauki abin da zai isa a bar wa ɗan'uwa. Kawu, kana nan kan bakanka ko?

Ɗan Zango a Columbus:
Kawu?

Kawu Mai Barewa:
Ina tuƙi ne, na tsaya in amsa. Mil arba'in ne kawai, kuma sai ƙarfe shida yake rufewa.